Yadda ake zaɓen mai fure da furannin biki

Da zarar watan Sha'aban ya ƙarato ko Disamba ta kama, tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa daga amare da yayyensu: wa za mu ba aikin fure, wane iri za mu ce a sa mana, kuma nawa ya kamata mu biya? Galibi tambayar takan zo ne da hoton wani biki da aka yi a Dubai ko Istanbul, a ce "irin wannan nake so." Amsata ba ta canzawa. Zaɓen furen kansa yana can kusa da ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai watan da za a yi bikin, akwai wurin taron, akwai aljihu. Wadda ta fara da hoto ta bar waɗannan a baya, ita ce ke biyan kuɗin fure mai tsada, ta shigo hol ta tarar ya yi yaushi. Da amarya zan yi magana kai tsaye, amma ko uwa ce, ko gwaggo, ko angon ne ke riƙe da lalitar, matakan ba su bambanta ba.

1. Tsayar da rana da wurin taro tukuna

Kada ki kira mai fure ko ɗaya sai an sa rana kuma an biya kuɗin wurin taro. Ba zai iya ba ki farashin gaskiya ba idan bai san watan biki da wurin taro ba, kuma duk wanda ya yanka miki farashi ba tare da ya tambayi waɗannan biyun ba, ki sa masa alamar tambaya tun daga nan.

Yanayinmu shi ne babban mai yanke hukunci. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi yakan kai digiri 40, wani lokacin ya wuce. Ɗanyen fure a ƙarƙashin rumfa a irin wannan rana ba ya kai la'asar da kyansa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi sauƙi ta fuskar zafi, sai dai busasshiyar iskarsa tana tsotse ruwan fure, ƙura kuma tana mayar da fari ya koma ruwan ƙasa idan aka jera shi a fili tun safe. Damina tana da daɗi ga fure, amma hadarin yamma a Yuli da Agusta yana iya kwashe duk wani ado da aka kafa a waje cikin minti goma.

Sai ki je wurin da ƙafarki, a daidai lokacin da za a yi taron. Idan dina ce ta dare, ki je da dare ki ga hasken fitilunsu. Ki tambayi masu wurin abu huɗu: ƙarfe nawa suke buɗe wa masu ado ƙofa, ƙarfe nawa suke kunna esi, sun yarda a buga ƙusa ko a manna abu a bango, kuma akwai wani taro kafin naku a ranar?

Hattara: holuna da yawa ba sa tayar da janareta sai saura awa ɗaya ko biyu a fara taro. Ma'ana furen da aka jera da ƙarfe goma na safe zai wuni a rufaffen ɗaki mai zafi. Idan haka tsarinsu yake, ko dai ki biya kuɗin man ƙarin awanni, ko a bar ɗanyen fure sai daf da shigowar baƙi.

2. Ware taron da ke buƙatar fure

Bikinmu ba taro ɗaya ba ne. Akwai kamu, sa lalle, wuni, walima, dina, buɗar kai, wasu har da ranar shigar Fulani ko ta Larabawa. Ba kowanne ne yake son fure ba. Kamu ya fi kyau da kayanmu: tabarmi, tim-tim, ƙore, faya-fayai, saƙi, kaskon turare. Tula masa wardi yakan ɓata shi ne ma. Walima kuwa wa'azi da addu'a ne gabanta, ɗan ado a gaban mazaunin amarya da teburin malama ya wadatar. Ɗaurin aure a masallaci ko ƙofar gida ba ruwansa da fure.

Saboda haka ki zaɓi taro ɗaya, galibi dina ko wuni, ki ce nan ne za a kashe kuɗin fure. Sauran a yi musu da sauƙi. A nan ne kuma ya kamata a fayyace wanda zai biya, domin gida-gida al'ada ta bambanta: wani wurin dina ta ango ce da abokansa, wani wurin ana raba ta. A yi maganar tun yanzu, kada a bari sai mai fure ya turo takardar kuɗi kowane ɓangare ya ce ai ya zaci ɗayan ne.

3. Yanke kasafi, ki raba shi

Ba zan rubuta farashi a nan ba, don furen da ake shigowa da shi daga waje yana bin dala ne, abin da aka faɗa yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda ake raba kuɗin.

A ce kin ware naira 1,000,000 don ado gaba ɗaya. Ni shawarata rabin kuɗin, wato 500,000, ya tafi mazaunin amarya da ango da bangon bayansu. Nan mai hoto zai fi haskawa, nan dangi za su hau ɗaukar hoto, nan za a yi liƙi. Kamar 200,000 ga tebura, 100,000 ga ƙofa da hanyar shigowa, 100,000 ga furen hannun amarya da teburin kek. Ragowar 100,000 ki ɓoye ta, kada ma mai fure ya san da ita. Za ta yi amfani: ƙarin tebura biyar da aka tuna da su ana gobe biki, kuɗin mota, man janareta.

Ki sani kuma ba fure kaɗai kike biya ba. A cikin kuɗin akwai hayar ƙarafan da ake kafa bangon baya, yadin lulluɓi, tulunan gilashi, fitilu, soson da ake soka fure, ladan yaran da za su yi aikin, motar kai kaya da ta kwaso su. Sau da yawa waɗannan sun fi furen kansa cin kuɗi.

Hattara: ki guji makon 14 ga Fabrairu idan jan wardi kike so. A lokacin duk duniya ke wawarsa, farashinsa yana tashi tun daga gona, kuma mai kyan ba ya isowa hannun ƙananan 'yan kasuwa.

4. Ɗanye, na roba, ko gauraye

Wannan ne matakin da ya fi tasiri a kan kuɗinki, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Yawancin adon da kike gani a bukukuwan Kano, Kaduna da Abuja, furen roba ne ko na yadi, ko da kuwa a hoto ya yi kama da ɗanye. Ba abin kunya ba ne. Mai kyau a cikinsa ba ya jin zafi, ba ya jin ƙura, ana iya kafa shi tun daren jiya, kuma haya kike yi ba saye ba. Illarsa ita ce ana yawo da shi daga biki zuwa biki. Wanda ya sha aiki launinsa yakan koɗe, gefensa ya zare, ƙura ta zauna a cikinsa. Shi ya sa dole ki ga ainihin kayan da za a kawo miki, ba hotonsu na ranar da aka sayo su ba.

Ɗanyen fure kuwa hanya biyu yake zuwa mana. Akwai na gida, mafi yawa daga Jos, inda tudun da ya kai kimanin mita 1,200 da sanyinsa suke ba da damar noman wardi da wasu furannin da ba sa yi a sauran arewa. Ya fi araha, ya fi kusa, amma kansa yakan fi ƙanƙanta, launukansa ba su da yawa, kuma ba kullum ake samun ɗaruruwa masu kama ɗaya ba. Sai na waje, wanda ke saukowa ta jirgi a Legas ko Abuja. Wardi yawanci daga Kenya yake, musamman gonakin gefen tafkin Naibasha, da kuma Habasha. Wasu nau'o'in suna biyowa ta Holan, inda babbar kasuwar gwanjon furanni ta Alsmiya take. Furen okid kuwa Tailan ce ta yi suna a kansa. Furen da ya iso Kano ko Katsina daga waɗannan wurare ya riga ya yi kwanaki a hanya, ya sauka daga jirgi, ya hau wani jirgin ko mota. Kowane zango yana rage masa kwana.

Abin da na fi ba da shawara shi ne gauraye. Duk abin da yake sama ko nesa da hannu, kamar bangon baya, bakan ƙofa, abin da ke rataye a silin, a yi shi da na roba mai kyau. Duk abin da za a taɓa ko a sunsuna ko a ɗauka a hoto kusa-kusa, wato furen hannun amarya, teburin gabansu, teburin iyaye, a yi shi da ɗanye. Gwanin mai ado yakan soka ɗanyen ganye da 'yan ɗanyun furanni a gaban na robar, ido ya kasa rarrabewa.

Hattara: farin roba da farin ɗanye ba ɗaya ba ne. Na roba yakan yi fari fat har da ɗan shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitila, ɗanyen kuma yana karkata zuwa ruwan madara. Idan aka haɗa su ba a gwada ba, ɗanyen ne zai fito kamar mai datti, alhali shi ne mai tsadar.

5. Nemo mutum uku

A wajenmu da wuya ki sami wanda fure kaɗai yake yi, in ba a Abuja ko Legas ba. Mai dekoreshan ne yake haɗa komai, idan aka ce ana son ɗanye sai ya saro daga wani. Don haka tambayar farko ita ce: da hannunsa yake aikin ɗanyen fure, ko bayarwa yake? Duka biyun suna yiwuwa, amma ki san da wa kike magana.

Ki fara neman sunayen masu ado wata huɗu zuwa shida kafin biki, musamman idan ranarku ta faɗo a Disamba, ko makonnin da ke gaban azumi, ko bayan Sallah, lokacin da kowane mai ado yake da biki biyu ko uku a mako. Hanya mafi inganci ita ce bikin da kika halarta da kanki kika ga aikin da idonki. Ta biyu, ki tambayi mai hoto da manajan hol. Su ne suke ganin wanda ke zuwa a kan lokaci da wanda baƙi ke tararwa a kan tsani.

Shafin Instagram yana taimakawa, amma ki bi shi da lura. Akwai masu ɗora hoton aikin wasu, har na ƙasashen waje. Ki duba ko kin gane hol ɗin da ke cikin hoton. Ki nemi bidiyon da aka ɗauka da waya ana tsakiyar aiki, da yaransa a ciki. Ki ce ya haɗa ki da amare biyu da ya yi wa aiki a 'yan watannin nan, ki kira su ki tambaye su abu ɗaya: abin da aka yi alkawari shi aka kawo?

Uku sun isa. Ɗaya ba ya ba ki abin kwatantawa, goma kuma ruɗa ki za su yi.

6. Zaman farko

Ki je shagonsa ko ma'ajiyarsa, kada a ƙare a WhatsApp. Ki tafi da hoton hol, adadin tebura, ƙyallen kayan da za ki sa, ƙyallen anko, da hotuna uku zuwa biyar na irin adon da ke burge ki. Ki tafi da mutum ɗaya mai ido, ba ayarin ƙawaye ba. Ki faɗi kasafinki a fili, ban da ragowar nan da kika ɓoye. Wasu suna ɓoyewa wai kada a cuce su, sai a ɓata mako biyu ana zana musu abin da ba za su iya biya ba.

Ga tambayoyin da ba a tsallakewa. Biki nawa ya karɓa a ranar, kuma shi da kansa zai tsaya a naki ko yaro zai turo? Ya taɓa aiki a wannan hol ɗin? Daga ina furensa yake zuwa, kuma wace rana zai iso? Ina yake ajiye shi, yana da ɗakin sanyi, kuma me yake yi idan an ɗauke wuta? Idan jirgi ya makara ko furen ya iso a lalace, mene ne madadinsa? Wa zai kwashe kaya bayan taro?

Ki saurari yadda yake amsawa. Wanda ya san aikinsa zai ce miki "Hajiya, wannan ba zai yi a watan Afrilu ba, ga abin da zai yi." Wanda komai kika nuna masa sai ya ce "ba matsala, an gama," shi ne abin tsoro.

Hattara: idan farashin ɗaya ya faɗi ƙasa sosai da na sauran biyun, kada ki yi murna tukuna. Ki tambayi me ya cire. Galibi za ki tarar babu kuɗin mota, ko babu fitilu, ko tebura rabi ne za a yi wa fure. Araha ba ta ado.

7. Zaɓen launi, sannan fure

Launi ake fara tsayarwa, kuma kayan amarya ne ke jagora. Idan leshinki ko rigarki tana da nauyin ado da duwatsu, bangon bayanki ya zama mai sanyi: fari, ruwan madara, kore. Idan bango ya yi launi ɗaya da kayanki, za ki ɓace a hoto. Haka idan anko ruwan makuba ne kuma aka yi wa hol ado da makuba, ƙawaye za su saje da labule. Launi biyu da na uku ɗan kaɗan ya isa.

Sai furen. Masu juriya a yanayinmu su ne kaneshan, kirisantimam, okid, anturiyam mai faɗin nan mai sheƙi, da jifsofila, wato 'yan mitsi-mitsin fararen nan da ake cike gurbi da su, waɗanda ko sun bushe ba sa muni. Mutane suna raina kaneshan don ya fi araha, amma idan aka cusa shi da yawa launi ɗaya yana yin kyau ƙwarai, kuma yakan yi mako biyu a ruwa. Wardi yana tsakiya: yana jurewa a hol mai esi, yana sunkuyar da kai a rana. Masu rauni su ne haidiranjiya, mai babban kai kamar ƙwallo, wadda ke langaɓewa da zarar ta rasa ruwa na ɗan lokaci, da tulif, da fiyoni. Fiyoni ita ce wadda amare suka fi nunawa a hoto, amma kakarta gajeriya ce, a Turai daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, daidai lokacin da zafinmu yake kan ganiyarsa. Idan siffarta kike so, ki nemi wardi mai cikar ganye, ko ki ɗauki ta roba.

Kada ki manta da ganye. Ganyen bishiyar turare, ganyen dabino, busasshiyar kaba da aka fesa wa ruwan gwal, duk ana samunsu a gida, suna cike wuri, suna rage yawan furen da za a saya. Bogenbiliya da ke kan katangun gidajenmu tana da kyau a ido, amma da an yanke ta take zubewa, kada a dogara da ita.

Hattara da lili. Garin da ke tsakiyarta, mai ruwan goro, yana kama yadi, kuma idan aka goga shi da hannu ko jiƙaƙƙen tsumma sai ya zauna. A cire 'yan sandunan garin da zarar furen ya buɗe. Idan ya riga ya zuba a kaya, a ɗauke shi da salatif, a hankali. Ƙamshinta kuma yana da ƙarfi. A rufaffen hol da aka riga aka turara, ga humra ga turaren baƙi, yana iya tayar wa mai asma ciwo.

Hattara kuma da shuɗin wardi. Babu shi a halitta, rini ne, kuma rinin yana iya zuba a tafin hannu da farar riga.

8. Lissafa kara

Ɗanyen fure da kara ake sayar da shi, a dami-dami, wardi yawanci 10 ko 20 a dami. Idan ba ki san adadin karan da za a sa miki ba, ba ki san abin da kika saya ba. "Fure a kowane tebur" yana iya zama kara uku, yana iya zama talatin.

Ga misali. Tebur 20, kowanne kara 12, ya zama 240. Furen hannun amarya kara 25. Gaban mazaunin amarya da ango kara 150. Jimla 415. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda za su karye ko su iso a lalace, ya kai wajen 460, wato dami 23 na ashirin-ashirin. Da wannan lissafin a hannu, idan kuɗi ya gaza kin san inda za ki rage: a yi wa tebur 10 dogon fure, sauran 10 a sa musu kyandir da ganye. Hol ma ya fi kyau idan tebura ba su zama tsawo ɗaya ba.

Furen tebur ko dai ya yi ƙasa da haɓar wanda ke zaune, ko ya yi sama da kansa a kan siririn tulu. Na tsaka-tsaki yana tare fuska, kuma baƙi da kansu za su sauke shi ƙasa su sa faranti.

Furen hannu kuwa a yi shi daidai jikinki. Babba yana da nauyi, yana rufe adon gaban riga da lallen da aka ɓata awanni ana zanawa. A cire ƙaya, a naɗe karan da ƙyalle.

9. Gwaji da rubutu

Kafin ki biya kafin alƙalami, ko da zarar kin biya, ki nemi a haɗa miki tebur ɗaya na gwaji. Wasu suna caji, ya cancanci kuɗin. Ki ɗauki hotonsa, ki tura masa, ya amsa cewa shi ne. Wannan hoton ya fi doguwar magana amfani ranar da gardama ta tashi.

Sannan a rubuta. Ko takarda ɗaya ce, ta ƙunshi rana, wuri, lokacin fara aiki da lokacin gamawa, kowane abu da adadinsa, wanne ne ɗanye wanne ne roba, launi, furen da aka yarda ya maye gurbin wani idan ba a samu ba, abin da yake haya da abin da ya zama naki, jimlar kuɗi, da abin da za a mayar idan an ɗaga biki. Wannan na ƙarshen mutane ba sa son ambatonsa, amma ana ɗaga biki, saboda rasuwa ko rashin lafiya ko wani dalili. Idan an riga an yi odar ɗanyen fure, kuɗinsa ya tafi, wannan adalci ne. Na haya da na aiki kuwa ya kamata a iya matsar da su zuwa sabuwar rana.

Biya kashi-kashi: wani abu don kama rana, wani idan za a yi odar fure, ciko kuma bayan an kafa ado kin gani ko wakiliyarki ta gani, an kuma kwashe kaya bayan taro. Ki biya ta banki don ya bar shaida.

Hattara: kada ki biya duka tun farko, komai daɗin bakinsa, ko da ɗan uwa ne. Aikin ɗan uwa ma ya fi buƙatar rubutu, don shi ne ba a iya yi wa faɗa daga baya.

10. Makon biki

Saura mako biyu ki tabbatar masa da adadin tebura na ƙarshe. Saura mako ɗaya ki haɗa shi da manajan hol, mai kek da mai fitilu, su daidaita lokaci a tsakaninsu. Ki naɗa mutum ɗaya, yaya ko ƙawa mai tsayuwa a kan magana, ki ba ta takardar yarjejeniya da hoton gwaji. Daga nan ita ce mai magana da shi, ke kina wurin lalle da gyaran jiki.

Ɗanyen fure ya iso kwana biyu zuwa uku kafin taro. Wardi yana zuwa a tsuke, yana buƙatar wannan lokacin ya sha ruwa ya buɗe. Lili tana iya buƙatar kwana huɗu ko biyar. Idan ke kika sayo furen da kanki, misali aka saro miki daga Jos don ƙaramar walima a gida, ga abin da za a yi. A tanadi bokitai masu tsabta, almakashi ko wuƙa mai kaifi, da safar hannu saboda ƙaya. A yanke ƙasan kowane kara a karkace, kamar santimita biyu zuwa uku. A cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, don shi ne ke ruɓewa ya sa ruwan wari. Idan babu garin abincin fure da ake haɗowa da shi, a kowace lita ɗaya ta ruwa a sa babban cokali ɗaya na sukari, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic irin su Hypo ko Jik. A ajiye a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, nesa da bakin fanka. A canza ruwa kullum.

Koren soson da ake soka fure a ciki, a ɗora shi a kan ruwa ne a bar shi ya nutse da kansa. Idan aka danna shi da hannu, waje zai jiƙe, ciki ya zauna a bushe, furen da aka soka ya mutu ba a san dalili ba.

Hattara: kada a ajiye fure ɗaki ɗaya da ayaba, mangwaro, tuffa ko tumatir. Nunannun kayan marmari suna fitar da wata iska mai sa fure tsufa da wuri, kaneshan da okid sun fi jin ta. Hayaƙi ma haka yake yi, na janareta ne ko na turaren wuta, kuma gidan biki ba ya rabuwa da kasko. Firji na gida ma ba wurinsa ba ne: okid da anturiyam 'yan ƙasar zafi ne, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana baƙanta su, firiza kuwa tana kashe kowane iri.

11. Ranar taro

Ƙarafa, yadi, fitilu da furen roba su hau tun daren jiya idan hol ya yarda, ko da sassafe. Ɗanye shi ne na ƙarshe, bayan an kunna esi. A ɗauko shi a mota mai sanyi, a cikin bokitinsa, ba a but ba, ba a bayan a-kori-kura a rana ba. Wakiliyarki ta isa awa uku kafin lokaci da takarda a hannu, ta ƙirga tebura, ta girgiza bangon baya ta ji ko ya kafu. Wurin liƙi ana turereniya, bangon da ba a ɗaure shi da nauyi a ƙasa ba yana iya faɗowa kan mutane. Kyandir kuma ya kasance cikin gilashi, nesa da furen roba da busasshiyar kaba, ga mayafai da manyan riguna suna wucewa.

Furen hannu ya zauna a ruwa har sai za ki fito. A tsane karan da tawul kafin a miƙa miki. Ki riƙe shi daidai cibiya, ba a ƙirji ba.

Hattara da fure a kan kek. Furen kasuwa ana fesa masa maganin ƙwari, kuma wasu kamar haidiranjiya da jifsofila ba a so su taɓa abinci. Ko dai mai kek ta yi na sukari, ko a naɗe karan sosai a sa shi a gindin kek ɗin, ba a soka shi cikinsa ba.

12. Bayan an tashi

Baƙi suna ɗaukar furen tebur, wasu har da tulun, a zatonsu rabo ne. Idan kayan haya ne, ke za ki biya. Ki sa emsi ya sanar tun kafin a fara watsewa, ko yaran mai ado su tsaya kusa da ƙofa. Ɗanyen da yake naki kuwa a ware wanda za a kai ɗakin amarya da na iyaye, a sake yanke ƙasansa a sa a sabon ruwa, zai ƙara kwanaki. Idan akwai buɗar kai ko walima washegari, a faɗa wa mai ado tun a yarjejeniya ya kwashe masu sauran kyau ya sake haɗa su ƙanana, kada a sake sayen wasu.

A daren, wakiliyarki da yaron mai ado su ƙirga tuluna, fitilu da yaduka tare, a rubuta abin da ya fashe ko ya ɓata, kowa ya sa hannu. Holuna da yawa suna riƙe kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuma suna cirewa idan aka bar ƙusa a bango ko aka kwana ba a kwashe kaya ba, don haka ta tsaya sai manaja ya zagaya ya ce ya gamsu, sannan a tura wa mai fure cikon kuɗinsa.